Masu kiran soja su dawo, ku tambaye mu mutanen Nijar

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Ni mutumin Damagaram ne amma na daɗe zaune a wani ƙauye kusa da Maigatari nan Jigawa, dillancin awaki nake a kasuwar Alhamis, a nan na yi aure a nan aka haifa min yara.

Abin da ya sa na rubuto, kwanaki a shirinku na kiran waya na ji wani bawan Allah yana cewa gara soja su karɓe mulki kowa ya huta. Wallahi sai da na yi dariya, don shi da yake maganar ya faɗi sunansa da garinsu, ya caccaki gwamna ya caccaki shugaban ƙasa, kuma na tabbata ya ajiye waya ya ci tuwonsa ya yi barci ba wanda ya buga masa ƙofa.

To mu can gida tun da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da jam'iyyu, a 2025 ma aka rushe su gaba ɗaya, an rufe RFI da France 24, BBC ɗin ma da talaka ke saurare an dakatar da ita wata 3 a Disambar 2024. Yanzu in na kira ƙanena mu gaisa na ɗauko zancen gwamnati sai ya ce yaya bar wannan, ya damina? Kuma fa ba ɗan siyasa ba ne, tela ne.

Ban ce nan aljanna ba ce, akwai tsada, akwai shingayen da sai ka ba da na goro, kuma kowa ya ga yaran zanga-zangar Agustan 2024 suna faɗuwa a kotu a Abuja. Amma ai surutun jama'a da 'yan jarida da lauyoyi ne ya sa aka sake su. Wani malamin makaranta ya nuna min sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, kowane mutum aka ce yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa, har da ni baƙo da ba ni da ƙuri'a.

Don Allah ku gayyato lauya ya yi wa mutanen karkara bayanin wannan sashe da Hausa, da daddare in an dawo daga gona.

Naku,
Mai saurarenku daga ƙaramar hukumar Maigatari