Ƙaiƙayin borin jini: a kan ɓeraye aka yi gwajin

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana a kan masu tallar magani da ke cewa "bincike ya tabbatar" albasa da kurkum na warkar da ƙaiƙayin borin jini.

Binciken akwai shi, kuma abin farin ciki ne. Sinadarin kwasetin da ke cikin albasa da tuffa, wanda ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, an ga yana hana wasu ƙwayoyin garkuwar jiki sakin histamin, wato abin da ke tayar da ƙaiƙayi da kumburi. A Japan ma, a 2000, an wallafa binciken da aka ba wa wani nau'in ɓerayen gwaji da ake kira NC/Nga sinadarin astragalin, wanda dangin kwasetin ne, daga ganyen wata bishiya 'yar uwar kanya, sai susa da ciwon fatarsu suka ragu.

Amma fa ɓeraye ne, Malam. Sinadari ne tsantsa aka auna aka ba su, sannan aka zauna ana ƙirga sau nawa kowanne ya kai ƙafar baya yana susa. Hanjin mutum kuwa kaɗan yake tsotsa daga kwasetin da sinadarin kurkum.

Abin da ya fi damuna yara ne. Uwa ta ga ɗanta yana susa cikin dare har jini, ta goga masa ɗanyar albasa a fatar da ta riga ta tsage, alhali wataƙila ƙazuwa ce, wadda maganinta daban ne. Ina kira ga NAFDAC ta sa ido a kan irin wannan talla, jaridarku kuma ta riƙa fayyace mana ko gwaji a kan dabba aka yi ko a kan mutum.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya