Wasiƙa ga aminina kan saita taimin bayan gyaran inji

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya tare da iyali da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso ni, kuma raina bai ji daɗi ba da na ji Corolla ɗin nan ta ƙi komawa yadda take bayan an sauke kan inji an sa sabon gasket. Ka ce ta rasa ƙarfi a hawa, tana ɗaukar zafi, kuma wanda ya yi aikin ya murɗa distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga filogi, da kunne har ya ji sautin ya yi masa, ya ɗaure. Ina kyautata zaton a nan matsalar take.

Saitin kunne na zamanin kafireta ne. Taka motar, mai inji 4A-FE na farkon shekarun 1990, injekta ce, kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke lokacin da filogi zai ba da wuta, wato taimin. Tana duba gudun inji, da zafinsa, da iskar da yake sha, sai ta matso da wutar gaba ko ta ja ta baya. Amma duk lissafinta a kan tushe ɗaya yake tsaye, wato inda aka ɗaure distiributa, kuma ita ba ta da hanyar sanin an ɗaure shi daidai ko a karkace. In mutum yana murɗawa alhali ita ma tana nata gyaran, kamar mutum biyu ne suka riƙe sitiyari ɗaya. Dole a sa ta cire hannunta tukuna.

Kafin a kai nan, don Allah ka sa a tabbatar bel ɗin taimin ya zauna a mazauninsa. A juya kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da sifana har tsagar jikin fuli, wato faifan da ke bakinsa, ta tsaya a kan 0, sannan a duba alamar gilin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ko ta yi daidai da alamar da ke jikin inji. Haƙori ɗaya in ya zame, ba saitin distiributa da zai gyara shi. Alamar da nake yawan gane wannan da ita: za ka ga an tura distiributa har ƙarshen ramin notinsa, ba sauran wurin motsi, amma inji bai gamsu ba. Ka leƙa naka ka gani. In notin yana can a ƙurya, a buɗe murfin bel kawai.

Ka kuma tuna kiranshaf sau biyu yake zagayawa kafin kamshaf ya yi ɗaya, don haka tsagar nan sau biyu take zuwa kan 0, kuma ɗaya ce kawai ta matsa iska. Cire filogi na ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya injin a hankali. Za ka ji iska tana ture yatsanka tana huci ta gefe. Wannan ce ake nema. A daidai nan bakin rota, wato abin da ke juyawa cikin distiributa, ya kamata ya kalli wayar silinda ta ɗaya, sauran wayoyin su bi jerin 1-3-4-2 ta inda rotar ke juyawa.

To, sai saitin kansa. Bar injin ya yi zafinsa na aiki, a kashe fitilu da na'urar sanyi, giya a furi, ƙafa ba ta kan totur. Cikin bonet akwai ɗan akwatin roba da aka rubuta DIAGNOSIS a kansa. Buɗe murfin, a cikinsa akwai zanen ramukan da sunayensu. Da ɗan guntun waya za ka haɗa TE1 da E1. Ka natsu ka karanta zanen sosai, domin akwai rami mai wutar batir a wurin, in ka taɓa shi fiyus zai ƙone. Da ka haɗa daidai, fitilar inji da ke gaban direba za ta fara ƙiftawa, sau da yawa ma za ka ji muryar injin ta ɗan sauya. Ƙwaƙwalwa ta saki ke nan.

Goge fulin da tsumma, ka cika tsagar da farin alli. Maƙala fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk sanda filogi ya ba da wuta, a wayar filogi ta ɗaya, ka haska fulin. A cikin walƙiyarta za ka ga farin layin ya tsaya cak kusa da lambobin jikin murfi, ko da yake fulin gudu yake. Ana son ya tsaya a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma ka duba takardar da ke manne a cikin bonet, abin da ta faɗa shi ne hukunci. Sassauta notin kaɗan, yadda distiributa zai motsa da ƙyar. Juya shi saɓanin inda rota ke bi yana gaggauta wuta, bin ta kuma yana jinkirta ta. Motsin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ka kula da hannun rigarka da wayar fitilar, kada fanka ko bel su kama. Bayan ka ɗaure, sake haskawa, don ɗaurin kansa yakan gusar da shi.

In layin yana ta tsalle duk da ka haɗa wayar, kada ka ci gaba da murɗawa. A waɗannan motocin sai sensar totur ta shaida wa ƙwaƙwalwa cewa totur a rufe yake kafin ta tsayar da taimin, kuma sauke kan inji yakan sa a taɓa ta ko a ja wayar totur ta yi tsauri. Haka kuma tsohon fuli yana da roba tsakanin zobensa na waje da na ciki, in ta mutu zoben yakan zame da tsagar gaba ɗaya, sai fitila ta nuna maka 10 na ƙarya.

Ƙorafinka na zafi da rashin ƙarfi ya fi kama da wuta mai jinkiri: mai yana ƙarasa ƙonewa a makare, zafin ya tafi salansa da ruwan lagireta maimakon ya tura fistin. Mai gaggawa ita ce ta fi ba ni tsoro. Za ka ji inji yana ƙwanƙwasa a hawa, kik yana nauyi in mota ta yi zafi, kuma wannan bugun yana iya cinye sabon gasket ɗin da ka sa.

In an gama, zare wayar da ta haɗa TE1 da E1, ka ba motar wuta kana haskawa. Layin ya kamata ya gudu gaba, ya dawo in ka saki. Sannan ka fita da ita hawan da ta saba gazawa, ka rubuto mini abin da ka ji da inda allurar zafi ta tsaya.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka