A riƙa tambayar ɗaliban jami'a me suke ci, ba hawa sikeli kawai ba

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni fili in yi magana kan cimar yaranmu na jami'a, don ƙiba na shigo musu tun suna 'yan shekara 20 kuma ba wanda ya damu.

Lokacin rajista ana ɗora yaro a sikeli a auna tsayinsa a rubuta a fom, shikenan an gama har ya fita. To shi lissafin BMI ɗin nan, wato ma'aunin ƙiba da ake fitarwa daga wannan awon, nauyi ne a kilo a raba da tsayi a mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce. Amma lambar ba za ta gaya maka yaron bai karya ba ya ruga lacca ƙarfe 8, da rana ya kora fanke da lemon kwalba, sai sha ɗayan dare ya sauka teburin mai shayi ya ce a soya masa indomie biyu da ƙwai a haɗa shayi mai kauri da biredi, yana gamawa sai katifa.

Kwalbar lemo ɗaya ta 50cl sukarin cikinta ya kai wajen giram 50, wanda shi ne iyakar da hukumar ta ce babba kar ya wuce a yini guda. Harajin naira 10 kan lita da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021 wallahi bai hana kowa sha ba.

Roƙona ga masu bincike a BUK da ABU da Danfodiyo, in za a yi takardar tambayoyi a yi ta da abincinmu. A tambayi mai cokali nawa ake kwarara wa garau-garau da ɗanwake, awara nawa, ƙarfe nawa ake cin na dare, a auna ƙugu da tef. Sannan a tambayi 'yan mata a keɓe zancen sha-ka-fashe, don wasu da gangan suke neman ƙibar saboda mu iyaye mun saba cewa wance ta yi kyau ta murmure, alhali hawan jini da ciwon suga ne ke jiranta.

Asibitin makaranta ya riƙa maimaita awon duk shekara, kuma a gaya wa yaro sakamakonsa da Hausa.

Naku,
Wata uwa daga Kano