Ina ce wa Umma lafiya lau, alhali na kwana uku ban buɗe labule ba

Assalamu alaikum Anti,

Ina yi miki fatan alheri, tare da godiya kan ɗawainiyar da kike yi da matsalolinmu. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni budurwa ce, ina digiri na biyu a wata jami'a da ke Gilasgo, a arewacin Birtaniya. Na sauka a watan Satumba, kuma makonnin farko ɗoki bai bar ni na zauna wuri guda ba. A makon tarbar sababbin ɗalibai wata ma'aikaciya ta zana mana wani layi mai siffar ƙwarya, ta ce haka zuciyar baƙo ke tafiya: ta faro daga sama, ta gangara, sannan ta hau. Ta ambaci wani masani, Kalervo Oberg, wanda ya rubuta a 1960 cewa baƙo kan bi matakai huɗu, ɗoki, gigicewa, farfaɗowa, sai sabo. A raina na ce wannan zance na ragwaye ne. To Anti, yau ga ni zaune a gindin ƙwaryar.

Da ƙananan abubuwa aka fara. Farfesan da ke duba aikina, dattijo mai furfura, ya ce in riƙa kiran sunansa gatsal, bakina kuwa ya ƙi. A aji so ake ɗalibi ya ja da malami, ni kuma nakan yi shiru don girmamawa, sai ga shi an rubuta a aikina na farko cewa ba a jin ra'ayina. Na zo ina taƙama da Turancina, amma sai da direban bas ya maimaita magana sau uku, a ƙarshe na gyaɗa kai ban fahimta ba. Mu biyar ke amfani da kicin ɗaya. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ya nake, na ajiye kofi na juyo zan ba ta amsa da gaske, ashe har ta kai bakin ƙofa. Ba wulaƙanci ba ne, gaisuwarsu ke nan. Amma ranar na koma ɗaki na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Sai duhu ya zo. Ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin Disamba ta raba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kuma kafin huɗu ta faɗi. Wunin duka awa bakwai, shi ma yawanci hadari ne da yayyafi. Yanzu nakan yi barcin awa goma sha ɗaya in tashi a gajiye. Na tsallake lakca huɗu a mako biyu. Aikin awa 20 a mako da biza ta yarje mana shi kaɗai ke fitar da ni, don da shi nake cike kuɗin haya. Kada hankalinki ya tashi, ban taɓa tunanin cutar da kaina ba. Kawai dai komai ya fita a raina, har karatun da na yi shekara biyu ina nema.

Na daure na ga likita. Ta ba ni takarda mai tambayoyi tara na cike, ta duba, ta ce alamun ciwon damuwa ne, kuma ƙarancin hasken rana na iya ƙara masa ƙarfi. Ta ce tun 1984 wani likita, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa suka bayyana wannan damuwa ta hunturu, shi kansa daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka ya ɗanɗana. Ta ce in riƙa shan bitamin D, in fita tafiya da tsakar rana, in yi rajistar ganawa da masu ba da shawara na jami'a, idan abin bai sassauta ba a duba batun magani. Bitamin ɗin na saya. Takardar rajistar tana cikin durowa mako uku ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gida. Na san abin da Baba ya rabu da shi kafin a haɗa kuɗin makarantar nan. Duk Lahadi in Umma za ta kira ta bidiyo, nakan wanke fuska, in kunna duk fitilun ɗakin, in gyara murya. Sau ɗaya na gwada Yayana da zancen, ya yi dariya ya ce, “Ke da kike Turai, me zai dame ki? Mutum nawa ke neman wannan dama?” Tun daga nan na ja bakina. Ina tsoron su ji an ce lafiyar ƙwaƙwalwa su ɗauka taɓin hankali ne, ko su ce na yi sakaci da addu'a, alhali Allah Ya sani ina yi. Na yi tunanin dakatar da karatun in huta, sai na ji in hutun ya wuce kwana 60 makaranta kan sanar da hukuma a datse bizar, dole in koma. Da wace fuska zan sauka ba takarda?

Anti, ki ba ni shawara. Shin in fara ganawar nan a ɓoye, sai na ji sauƙi in faɗa musu, ko ɓoyewar ce ke ƙara mini nauyi? In faɗa ne, da wa zan fara, kuma da waɗanne kalmomi, yadda Umma ba za ta kasa barci ba? In likita ta rubuta magani, in karɓa ba da saninsu ba? Lahadin da ta wuce Umma ta ƙura mini ido ta ce na rame, na ce mata kyamara ce. Ba na jin za ta sake yarda da wannan amsa.

Taki,
Ɗaliba daga Gilasgo