A Riƙa Jin Muryar Mai Gandu, Ba Ta Mai Tarakta Kaɗai Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan gidan rediyo, ina roƙon a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan shirinku na noma da kiwo. Na daɗe ina sauraronsa, kuma na ƙaru da shi ƙwarai. Sai dai a 'yan watannin nan akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kusan duk baƙon da kuka gayyato, ko dai mai ɗaruruwan hekta ne, ko jami'in gwamnati, ko dillalin injuna, kuma bakinsu ɗaya: wai noman fartanya ya zama tsohon yayi, wai ƙananan gonaki ne suka hana ƙasar nan ƙoshi, sai an haɗe su an damƙa wa masu jari. Ni da nake zaune a Kura, ina ganin abin da ke fita daga waɗannan gonaki kullum, ban ga ya dace maganar ta wuce ba a tanka ba.

Ranka ya daɗe, wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya ga tireloli suna lodin gero da dawa da wake da riɗi, zai zaci daga wasu manyan gonaki aka kwaso su. In ya bi sawun buhun nan, a kasuwar ƙauye zai tarar an cika shi ranar da take ci. Wannan ya kawo kwano goma a bayan keke don ya sayi maganin yaro, wancan ya kawo rabin buhu saboda sunan da za a yi a gidansa, wata dattijuwa ta kawo kwano uku na waken da ta roro a gayaunarta. 'Yan sari su tattara, su ɗinke, su ɗora a mota. Haka kayan gwarin da ake saukewa a Yankaba tun da duku-duku, haka tumatir da tattasai da attaruhun da ake tafiya da su har Legas. Ba kuma a nan kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa a cikin kowace gona shida a duniya, biyar ba su kai hekta biyu ba. Ƙasar da ke hannunsu ba ta wuce kashi 12 cikin 100 na ƙasar noma ba, amma kusan kashi 35 cikin 100 na abincin duniya daga gare su yake fitowa. Majalisar ta ma keɓe shekarun 2019 zuwa 2028 domin noman iyali. Mu da abin ya fi shafa, da wuya mu ji an ambaci hakan a rediyo.

Amma ba yawan buhuna ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so a duba shi ne yawan bakunan da ke ci daga gandu guda. Ranar da aka yi girbi, kafin dami ɗaya ya shiga rumbu, sai an fitar da zakka: ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban ruwa aka sha wahalarsa. A nan cikin unguwa ake raba ta, ga mutanen da maigida ya san halin da suke ciki ba sai sun buɗe baki ba. Sannan a ware na liman, a ware na 'yar da aka aurar wani gari, a ɗaure buhun ɗan'uwan da ke aikin albashi a birni. Matan da suka yi sussuka da shiƙa da hatsi ake sallamar yawancinsu. Zawarawa da tsofaffi su bi gonar su yi kala, ba mai ce musu don me. 'Yan ƙwadagon da suka yi firi da maimai sun riga sun karɓi nasu, mai amalanken da ya ɗauko amfanin ya samu, maƙerin da ya ƙera fartanya da lauje da garma ya samu. Kara ya tafi danni da murhu. Harawa ta tafi wajen ragon da uwargida take kiwo don Babbar Salla. Gyaɗa ta shiga hannun mai ƙuli-ƙuli, wake ya shiga hannun mai ƙosai da mai ɗanwake, gero ya koma fura da kunu da koko. Gonar kamfani kuwa, injin ya girbe, mota ta kwashe, sito ya rufe. Ba mugunta ba ce, haka tsarinta yake: ba ta da maƙwabci, ba ta da suruki, ba ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Ko alaƙar manomi da makiyayi a kan wannan ƙaramar gonar ta ginu. Da kaka Bafulatani zai sauka da shanunsa su ci karmami su bar taki, mai gona ya ba shi damin hatsi, matarsa ta shigo gari da nono da man shanu ta koma da gero. Ba zan ɓoye ba, lalacewar wannan zumunci akwai laifinmu manoma a ciki, domin mun cinye burtali da mashaya a wurare da yawa. Amma inda aka riƙe shi har yau, za ka tarar ƙasar ta fi ƙarfi, hankali kuma ya fi kwanciya.

Bari in kawo abin da idona yake gani a garinmu. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke bin magudanai ya mai da Kura da Bunkure da Garun Malam wuraren da ba a san hutun rani ba. Yawancin filayen ƙanana ne, wani rabin hekta, wani ma bai kai ba. To, shanshera tana fitowa daga gona, aikin mata ya fara. Mace za ta sayi buhu ko biyu, ta jiƙa ya kwana, da sassafe ta hura wuta da buntu a ƙarƙashin rabin ganga ta turara. Ta sauke, ta baza a kan tamfol, tana bi da ƙafa tana juyawa, yara na korar kaji da awaki. In ta kuskura rana ta yi mata yawa, shinkafar karyewa za ta yi a inji. In ba ta bushe ba, ta yi wari. Da ɗan tauna ƙwaya ɗaya take gane ta kai. Daga nan sai inji, sai tsintar tsakuwa, sai kasuwa. Da ribar nan ake zubin adashi, ake haɗa kayan ɗakin 'ya, ake biyan kuɗin jarrabawa. Ni malamin firamare ne, kuma na san yara da dama a ajina waɗanda littafinsu da takalminsu daga bakin wannan ganga suka fito. In aka haɗe gonakin nan aka miƙa wa mutum ɗaya mai babban injinsa, a gaya mini ina waɗannan mata za su sayi buhu biyu.

Wani daga cikin baƙinku ya yi dariyar yadda muke cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ga kuɓewa da yakuwa a gefe, ga itatuwa tsaye a tsakiya. Ya ce rashin ilimi ne. Ina ganin ya yi gaggawar yanke hukunci. Gero yana nuna da wuri, ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa tana jure tsayawar ruwa. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya rufe ta, ya bar harawa. In shekara ta hana ɗaya, ba ta hana duka. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau. Kuka ta ba da miya, ɗorawa ta ba da kalwar daddawa. 'Yan'uwanmu na yankin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, da barin kututture ya toho suna yi masa sassabe suka dawo da itatuwa a miliyoyin hekta, har duniya take zuwa koyo a wajensu. Nan kewayen birnin Kano ma, gonakin da kakanni suka noma shekara da shekaru ba hutu ba su mutu ba, saboda jakai suna shiga birni da itace su fito da taki. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a allo ba.

Ba ina cewa mai gandu yana cikin jin daɗi ba ne. Wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi ambaliya ya san ana kaiwa inda kuɗin kwando ba ya biyan ɗauka da mota, sai mutum ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, mutane suka wayi gari da bashi. Kamfanin sarrafa tumatir da aka buɗe a Kadawa a shekarar ya sa rai, amma aikinsa ya zama yau a buɗe gobe a rufe. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma mai injin ban ruwa a fadama yana cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Daga baya farashin hatsi ya sauko, talakan birni ya numfasa, kuma ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Sai dai taki da maganin feshi ba su bi hatsin sun sauko ba. Manomin da zai sayar da buhunan masara kafin ya haɗa kuɗin takin da zai noma su, baɗi zai rage gona, kuma a tukunyar mutumin birni ragin zai bayyana. Ga bashin noma da ake ta sanarwa, wanda sau da yawa manoman bogi ke shan romonsa. Manoman Zamfara da Katsina da sassan Sakkwato kuwa, waɗanda sai sun biya 'yan bindiga kafin su shuka ko su girbe, nasu ya wuce a faɗa a cikin wasiƙa ɗaya. Allah Ya kawo musu ɗauki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙasar kanta. Birni yana ta cin gonakin da ke kewaye da shi, ana yanka su fuloti-fuloti. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna, kuma in aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kanta ce, shuka da itace da gini, ba ta ƙasar ba. Mutum ya karɓi 'yan kuɗi, ya sayi babur mai ƙafa uku, bayan 'yan shekaru babur ya tsufa, gona kuwa ta zama gidan wani. 'Ya'yansa su taso ba gandu ba gayauna, sai ga-ruwa da dako a birni. Na yarda rabon gado ma yana tsinka gonaki har su zama ba sa riƙe gida, kuma wannan magana ce da ya kamata malamai da dattawa su zauna a kanta. Amma maganin ƙanƙantar gona ba raba mai ita da ita ba ne.

Kada a fahimce ni da ƙin zamani. Babu manomin da ke son duƙawa da fartanya har bayansa ya ƙage in da sauƙi. Abin da ya dace da mu shi ne injin huɗa na hannu da mutum goma za su haɗa kuɗi su saya, famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, buhun nan mai ninki uku da ke ajiye wake ba tare da an zuba masa guba ba, da irin da ke nuna da wuri wanda cibiyar bincike ta Samaru a Zariya da reshen Kano na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa (IITA) suka daɗe suna fitarwa. Duk akwai su. Isowarsu hannun mai rabin hekta ita ce matsalar, domin malamin gona ya zama baƙon ido a ƙauyuka da yawa.

A nan ne nake ganin gidanku zai yi abin da wani ba zai iya ba, tunda rediyo tana shiga inda motar gwamnati ba ta zuwa. Ina roƙon ku fito da na'urarku daga ɗakin watsa shiri ku zo bakin gona, ku bar mai gandu ya yi bayani da bakinsa, ku shiga wajen mata masu turara shinkafa da masu ƙuli-ƙuli da masu daddawa, da izinin mazajensu da iyayen gidansu, a ji yadda suke fama. Ku riƙa karanto farashin hatsi da kayan gwari na Dawanau da Yankaba da manyan kasuwannin ƙauye duk mako, don kada ɗan sari ya riga manomi sanin abin da kayansa suka kai. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara, a fassara shi da Hausar da kowa zai gane, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a maimaita shi kafin ruwan shuka ya sauka. Sannan in da hali a mai da shirin bayan sallar isha'i, domin lokacin da kuke sa shi yanzu, waɗanda aka yi shi dominsu suna gona.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa gidanku ɗaukaka, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin firamare daga Kura, Jihar Kano