Zuwa ga Baffa, kafin ka kama hanyar Zariya

Baffa,

Assalamu alaikum. Mahaifiyarka ta nuna mini saƙonka, cewa sunanka ya fito kuma ranar Asabar za ka tashi daga Bauchi zuwa horon kuratan soja a Zariya. Ita ka fara faɗa wa, na kuma san dalili: kana zaton zan hana ka kamar bara. To, wannan karon na yarje maka, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ka nemi wuri ka zauna ka karanta takardar nan har ƙarshe, don akwai labarin da ka daɗe kana tsintar gutsattsarinsa a gidan nan, ba ka taɓa jin sa daga bakina ba.

Ka san sunan yayana ka ci, shi ya sa ba mai kiran ka da sunan yanka. Shekararsa 19 lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, ni kuwa ina da goma. A lokacin babu jihar Gombe, babu ta Bauchi, duk muna cikin Arewa Maso Gabas, hedikwata a Maiduguri. Kullum da dare samari na taruwa ƙofar gidan mai gari su saurari Rediyon Kaduna, ana ta kiran maza su fito. Damina ta yi tsakiya, ana maimai a gonar audugarmu, sai wata asuba Yaya ya tashe ni ya ɗora mini ƙullin kayansa. Na raka shi har bayan gari, wajen tsamiyar da ka sani. Ya danƙa mini sule ɗaya, ya ce kada in gaya wa kowa sai bayan kwana uku. A ƙasa ya taka har Gombe, ya hau jirgin ƙasa, wanda bai fi shekara huɗu da isowa garin ba.

Na cika alkawari. Kwana uku Inna tana bin gidajen dangi, Baba yana duba bakin kogi, ni ina zaune da sule a lalita. Har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Wasiƙa ɗaya tak muka samu, da ajami, da hannunsa. A ciki akwai fam biyu da hoto: kakin ya yi masa yawa, hular ta sauko har gira, ya ƙame kamar an kafa shi. Ya ce a yafe masa, ya ce a sayi akuya a ba Inna. Daga nan ɗif.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da take yi shi ne, kowane dare in ta kwashe tuwo sai ta ware malmala biyu a akushinsa, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ɗakinsa, ko da zai iso cikin dare. Da safe a ɗumama a ba ni. Shekara uku da ɗoriya ina cin tuwon Yaya, Baffa. Da aka gama yaƙi ranar 15 ga Janairun 1970, Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci, sojoji suka fara zuwa ganin gida. Ita kuwa duk wanda ta ji zai shiga Gombe sai ta ba shi hoton nan ya nuna a tasha. Yarinyar da aka yi masa baiko da ita ta jira iyakar jira, daga baya iyayenta suka dawo da kaya, ba wanda ya ga laifinsu.

Sai a 1971 wani mutumin wajen Deba, mai hannu ɗaya, ya yi sallama a ƙofar gida. Ashe tare suke da Yaya. Ya ce a watan Oktoban 1967 suna Asaba, an karya gadar Kwara, aka zuba su a jiragen ruwa su tsallaka zuwa Anaca, daga can ƙetare aka buɗe musu wuta. Yaya, wanda ke ƙetare Gongola da iyo tana cike maƙil, ya faɗa ruwa da takalmin soja da bindiga da jigidar harsashi. Bai ƙara ɗagowa ba. Ka lissafa da kanka: ko wata uku bai yi da barin gida ba. Duk tuwon nan na mamaci ne. Babu gawa, babu kabari, sai sadaka da muka yi bayan shekara huɗu.

Baba ya tambayi mutumin, me ya hana a aiko mana? Ya ce ai ranar ɗaukar su, Yaya bai ba da sunan ƙauyenmu ba, Gombe kawai ya ce, sunan uba ma ya sauya, don tsoron kada a biyo shi a mayar da shi gona. Ko an rubuta takarda, ina za ta dosa?

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinka, kuma ba shawara ba ce, umarni ne. Duk takardar da aka miƙo maka aka ce rubuta magaji, ka rubuta sunan yayanka cikakke kamar yadda yake a katinsa, da lambar wayar da ke aiki, da sunan garin nan da unguwa. Ranar da aka ba ka lambar soja, ka turo mana, zan rubuta ta a bangon littafina. Ka ba mu lambar abokinka guda, shi ma ka karɓi ta gidansu. In an tura ka Borno ko Zamfara, ka ce an tura ka. Ba na tambayar sirrin aiki, amma kada ka ce wa uwarka kana bariki alhali kana daji. Ta fi ƙarfin gaskiya, shiru ne ba za ta iya ɗauka ba, na ga abin da ya yi wa tawa.

Salla kuwa ba sai na faɗa ba. In kuma wata rana an tsayar da kai a shinge, ka ga tsoho a kan babur da buhun masara, ka ɗauka ni ne, ka yi masa magana yadda za ka yi mini.

Duk 15 ga Janairu ina kallon manya a talabijin suna ajiye furanni a Abuja, ana sakin tattabaru don tunawa da mazan jiya. Ba na ƙin abin, suna kyautawa. Ni dai na san tsohuwar da takarda guda mai layi biyu za ta fi mata duk furannin nan amfani.

Kada ka wuce daga Bauchi. Ka zo gida ranar Alhamis ka kwana biyu. Na sa an wanke hoton nan, za ka tafi da guda. Mahaifiyarka ta riga ta kai gyaɗa niƙa don ƙuli-ƙulinka. Ranar Asabar ni da kaina zan ɗauki jakarka zuwa tasha, da rana tsaka, kowa yana gani.

Mahaifinka,
daga wajen Dadin Kowa