Amsa ga yayana kan maganar hana bakin shebur a kokawar robo

Yaya, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

Ran Asabar, gaban malamai da iyayen yara, ka tambaye ni ko zan sa hannu a hana robo mai bakin shebur, wato ƙarfe mai gangare a gabansa da ke shigewa ƙarƙashin abokin karawa, shiga gasar makarantunmu ta bana a nan Tawa. Na roƙi kwana biyu in yi nazari. Ba zan sa hannu ba, Yaya.

Kukanka gaskiya ne. Yawancin robon kamarsu ɗaya, biyu su kafe baki da baki suna gurnani, ƴan kallo suna hamma. Ka kawo hujja da BattleBots, gasar faɗan robo ta Amurka, wadda tun dawowarta talabijin a 2015 ta wajabta wa kowane robo makami mai motsi. To amma can fasa ƙarfe ake yi. Namu sumo ne, irin na Japan: robo mai nauyin giram 500, santimita 10 tsawo da faɗi, fage mai faɗin santimita 77, wanda aka ture waje ya faɗi. Su kansu Japanawa, a gasar da kamfanin Fujisoft ke shiryawa, manyan robonsu na kilo 3 da bakin nan suke fitowa.

Ka tuna yarinyar nan ta bara, ɗiyar mai walda? Ba ta da kuɗin babban inji. Gwangwanin tumatir ta yanke, ta miƙar da shi da guduma, ta zauna tana goga bakinsa a dutse har sai da takardar littafi ta kasa shiga ƙarƙashinsa. Na tambaye ta dalili, ta ce: “Mushe, in na ɗaga gaban robon abokin karawa, nauyinsa ya dawo kaina, tayoyina su kama ƙasa, nasa su yi ta juyawa a banza.” Darasin da nake wata guda ina fama da shi a allo ke nan, ta gano shi da hannunta. Ran da muka hana gwangwaninta, nasara ta koma gidan wanda ubansa ke iya aiko da inji da batir daga Yamai. Wannan ne ya hana ni barci.

Kuma ina iyakar dokar? Gangare na digiri nawa ne shebur? Kowane zagaye sai an yi gardama da alƙali.

A garin nan aka fara kokawar takobi a 1975. Ba a taɓa hana ɗan kokawa sunkuyawa ya nemi ƙafa ba, abokin karawa ne ke koyon zama ƙasa. Yaranmu ma za su koya: su kewaya ta gefe, su sa ƴan yatsun ƙarfe da ke shigewa ƙarƙashin shebur, su gyara idon robo ya riga ganin abokin gaba.

Abin da zan sa wa hannu shi ne: in biyu sun kafe daƙiƙa 10, a raba su, a ajiye su baya da baya. A hana baki mai kaifin da ke yanka yatsa ko kankare fage. A share ƙura kafin kowane zagaye, don ita ke ƙara kafewar a lokacin hunturu. In kana son rukunin gasa na dabam marar shebur, ni zan yi masa alƙalanci.

Ka zo ajinmu ran Laraba bayan la'asar, ka riƙo takarda ɗaya ka gwada bakin robon yarinyar da kanka.

Ƙaninka,
malamin kimiyya a Tawa